Rafi'u Mai Rediyo da Sallamar da Na Yanke

Da hantsi muka ƙulla maganar, ni da Malam Rafi'u, a ƙofar shagonsa na gyaran rediyo da ke Hindawiyya, yau shekara shida ke nan. Na sa aka sauke masa akwatin ƙarfe daga mota, na buɗe. Kasakasai ne maƙil, waɗanda aka yi ta aiko mini daga gida tun zuwana Jidda.

Na ce, "Duka na ba ka. Abu biyu nake so. Ka fitar mini da muryar innata ka sa mini a waya. Sa'an nan in yarinyar nan mai rubuta littafi ta tambaye ka, ka gaya mata Waƙar Kuluwa innata ce ta ƙirƙire ta."

Ya ɗauki kaset ɗaya, ya hure ƙurar, ya ɗaga shi wajen hasken rana yana duban zaren.

"Na farkon na ɗauka, Alhaji Isha'aku. Na biyun ba ni zan faɗa ba, kaset zai faɗa. In ya ce ita ce, da manyan baƙaƙe zan rubuta. In ya ce wani abu dabam, kai zan fara gaya wa. Amma kai za ka miƙe gaban mutane ka faɗa da bakinka."

Na yi dariya. Ni da na yi shekara arba'in ina ciniki tsakanin Bab Makka da tashar jirgin ruwa, na sayar wa mai agogo biyu na uku, na san cinikin da riba ke wajena. Duk Ba'adaren da ke Jidda ya san waƙar nan da sunan innata. Na miƙa masa hannu na ce, "Halas," wato an gama magana. Ya ce, "Halas."

Bari in gaya muku wane ne mutumin da na sa hannuna a nasa.

Malam Rafi'u mutumin Adar ne kamar ni, garinsu yini guda daga namu a kan jaki. Ya zo aikin hajji yana saurayi, wani kafili, wato ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo, ya ɗauke shi gyaran rediyo, shi ke nan ya zauna. Kullum in an sallame sallar asuba yakan tako a ƙasa zuwa shago, ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya ɗora shayi. Kafin ya taɓa rediyon kowa, sai ya ba kaset ɗaya sa'a guda. Ya jiƙa auduga ya goge bakin rakoda, ya zura bik, wato biro, a ramin kaset ya naɗe zaren a hankali, ya sa abin sauraro a kunne, ya lumshe ido. In ka zo a wannan lokaci ka yi sallama, zai ɗaga maka yatsa ɗaya. Jikinsa na nan kan kujera, amma shi yana can wani kwari a Adar, yana jin iska na bi ta tsakanin duwatsu. Mun saba, mukan zuba wa kanmu shayi mu jira ya sauko.

In ya sauko sai ya ɗauki 'yar takarda ya rubuta layi huɗu. Wa ya rera. A ina. Wa ya ɗauki muryar. Wa ya gaya mini haka. Layin da bai tabbatar ba, da jan bik yake cika shi: ban sani ba. Na taɓa leƙa kwalayensa, ja ya fi baƙi yawa. Na ce, "Malam, wannan ai ba ilimi kake tarawa ba, jahilci kake jerawa." Ya ce, "Nawa dai an san iyakarsa."

Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa ce masa sannu da wannan aiki. Mu dai mai gyaran rediyo muka sani.

Zaharadden direba, mutumin Chadi, yana raye, ku tambaye shi. Ya taɓa kawo kaset na busar sarewa, ya rantse a kan dutsin garinsu aka ɗauka, makiyayi ne ya busa, awaki na kewaye da shi. Malam Rafi'u ya saurara sau uku, ya cire abin kunnen ya miƙa masa.

"Ji nan. Mene ne wannan ƙwal-ƙwal a baya?"

"Ƙararrawar awaki ce."

"Awakin garinku tukunyar gas suke ratayawa? Mai gas ne ke bugun tukunya da sifana. A layin bayan nan aka busa sarewar nan, kuma na san mai gas ɗin."

Zaharadden ya yi wata guda ba ya bi ta layin. Daga baya ya dawo da kansa ya faɗi gaskiya: ƙanin babansa ne ya busa a ɗaki, kewar gida ta dame shi. Malam Rafi'u ya rubuta haka, ya ce, "To yanzu ta yi daraja. Sarewar mai kewa ce, mun san mai ita."

Waƙar da muka yi ciniki a kanta kuwa, ga asalinta. Garinmu Dutsin Kirya a bisa yake, rijiya tana ƙasa a kwari. Mata sukan sauka da tulu tun da sanyin safe, su hau da shi cike. Hawan nan ba wasa ba ne, sai da waƙa. Ta gaba ta ɗauko, na baya su amsa, dutsi kuma ya maido musu da muryarsu, har ka rasa mata nawa ne ke hawa. Ina yaro nakan zauna a bakin hanya in ji ana cewa:

Dutsi, sunkuyo in hau,
Tuluna ya fi ni nauyi.
Wadda ta riga ni, bar mini sawu.

Kuma akwai al'ada. Mace ba ta rera waƙar hawa a zaune gaban mutane sai ta yi mata sallama. Ta bugi ƙwarya sau uku, ta faɗi sunanta, ta faɗi bakin da ta ɗauko waƙar, ta yi masa addu'a. Wannan ita ce sallamar waƙa. Mu maza ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, muna jira dai a shiga daɗin.

Shekarata ta uku a Jidda, innata Kuluwa ta aiko mini da kaset ta hannun wani alhaji. A lokacin kaset ne wasiƙarmu. Ta gaishe ni, ta ba ni labarin gida, a ƙarshe ta rera waƙar nan. Na kunna a ɗakinmu na gwauraye, sai na ga ƙarti majiya ƙarfi suna share ido da gefen riga. Ɗan kasuwa ba ya ganin irin wannan ya kau da kai. Na haɗa rakoda biyu na yi ta kwafa, na rubuta Waƙar Kuluwa a bayan kowane. Ta bi alhazai ta koma Tawa, ta je Yamai, ta dawo mini ta wayar yara bayan shekara talatin, sunan nan bai sauya ba. In an kunna ta a taron suna nakan gyara zama in ce, "Innata ce ta yi ta." Na faɗa har na daina tuna lokacin da ban faɗa ba.

Yarinya mai littafin sunanta Mashael. Haifaffiyar Jidda ce, kakanninta a ƙafa suka zo daga Adar. Hausa tana shiga kunnenta sarai, a baki ne take yi mata gardama. Ta ƙudura sai ta tattara waƙoƙin dutsin kakanninta a littafi, da muryoyin a haɗe, don 'ya'yan da ba su taɓa ganin tulu ba. Wani ya nuna mata shagon, ta zo da niyyar yini ɗaya, ta yi shekaru tana zarya.

Ammi take kiransa, wato baffa. Takan ce, "Ya ammi, kowa ya ce Kuluwa. Ya'ani mutum hamsin na tambaya."

Shi kuma ya ce, "Ɗiyata, hamsin ɗin nan a ina suka ji?"

"A kaset."

"Wa ya rubuta bayan kaset?"

Sai ta juyo ta dube ni, ni kuma in duba agogo.

"To mutum ɗaya kika tambaya sau hamsin."

Abin da ya hana shi sakat shi ne farkon waƙar. Ya ce duk waƙoƙin hawa da ke hannunsa suna da sallama, ban da wannan. Wannan kuwa a tsakiyar numfashi take farawa, kuma kafin muryar akwai wani ɗan ƙas, irin na yatsa a kan maɓalli. Na ce tsufan kaset ne. Bai yi mini musu ba, ya rubuta da ja.

Ana cikin haka gyaran gari ya ci layinsu, aka ce za a rushe shagon. Ranar tashi na je taya shi kwasa, na tarar ya cika motar kwasar da kwalayen kaset, kayan gyaransa na zube a ƙasa. Na ce, "Malam, abin cin abincinka fa?" Ya ce sukudireba ana samu a kasuwa. Ya koma wani ɗan ɗaki a Aziziyya, tagarsa na kallon bangon wani dogon bene, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Kai ne, Rafi'u, ka bi akwatina kaset bayan kaset, ba ka tsallake ko na wa'azi ba. Kai ne ka buɗe wani gidan kaset da aka rubuta wa tafsiri, ka tarar da abin da ke ciki ba tafsiri ba ne. Zaren ya tsinke wuri bakwai, ya cukurkuɗe kamar gashin da bai ga mataji ba. Wata huɗu kana warware shi da tsinke, kana miƙar da shi a kan gilashi, kana liƙa shi da jan farce. Mai kunnen dutsi, wa ya gan ka? Ko ni da na ba ka akwatin na manta da shi.

Wata Talata bayan la'asar ya kira ni. Na tarar ya share ɗakin, ya ajiye kujera ɗaya a gaban rakoda. Ya ce, "Zauna, Alhaji. Na ce kai zan fara gaya wa."

Ya danna. Da farko iska ce, iskar garinmu, wadda ke fito in ta bi ta tsagar dutsi. Can nesa akuya. Sai tari, tarin innata, wanda ko cikin mata dubu zan gane. Ba ta faɗin sunana don ni ne ɗan fari, ta ce, "Mutumin Jidda, kana lafiya?" Ɗakin nan ya ɓace mini. Na ga danga, na ga inuwar kirya a tsakar gida, na ga tuluna uku jere a gindin rumbu, gefensu ya yi raɓa. Ta gaya mini an yi ruwa, rijiya ta kawo, jakin maƙwabta ya mutu. Tana magana ina amsawa a fili, ban sani ba.

Sai ƙwarya ta yi ƙara sau uku.

"Ni Kuluwa, daga bakin Tasalla mai ruwa na ɗauka. Allah ya ji ƙan bakin da ya ba ni."

Ta ja numfashi ta shiga waƙar, daidai wurin da duk duniya ta san farkonta.

A nan na tuna yatsana. Na tuna ɗakin gwauraye, rakoda biyu, ina jiran surutu ya wuce in danna. Gaisuwa tawa ce, ba ta sayarwa ba. Sallamar kuma na haɗa ta da gaisuwa na zubar, don zaren kaset gajere ne, kuma mai saye waƙa yake so. Ban ɓoye da mugunta ba. Ban ma saurara ba. Tasalla kuwa na san ta. Wata siririyar tsohuwa ce da ke hawa da ruwa sau shida a yini tana kai wa gidajen masu hali, a ba ta hatsi. Ban taɓa tunanin tana da wani abu da za a ɗauka a bakinta ba.

Da na dawo cikin hankalina, halin kasuwa ya motsa. Na matsa kusa na rage murya.

"Malam, wa ya san wannan ban da ni da kai?"

"Inna ta sani."

"Inna ta yi shekara ashirin a ƙasa."

"Ita dai ta faɗa, Alhaji. Ba ta ɗauki abin kowa ba. Kai ka ɗora mata."

Na yi masa tayin shago a Bagdadiyya, mai kwandishan. Ya tambaye ni ko in ƙara shayi.

Na zaci maganar ta ƙare a nan, ashe shi a wurinsa ta fara. Ya ce Inna ta gaya mana inda ta ɗauka, ba ta gaya mana inda Tasalla ta ɗauka ba. Hajji biyu ya yi yana bin masaukin alhazan Adar da 'yar rakodarsa, yana tambayar tsofaffin mata ko akwai wadda ta san zuriyar Tasalla mai ruwa. Aka yi ta yi masa kwatance har kwatancen ya zagayo Jidda, ya tsaya layi uku daga ɗakinsa, a gaban kaskon wainar Bara'atu. Jikar Tasalla ce. Na fi shekara goma ina cin wainarta, ina kunna waƙar kakarta a mota ina ce mata ta innata ce, tana zuba mini yaji ba ta ce komai ba.

Muka je mu uku. Mashael ta tambaye ta me ya sa ba ta taɓa magana ba. Ta ce, "Wa zai bar maganar Alhaji mai mota ya kama ta mai waina?" Ta kife wata roba, ta buga sau uku, ta ce daga bakin kakarta Tasalla ta ɗauka, ta rera. Har da wani baiti da innata ba ta kawo ba, na mace da ta kai bisa ta waiwaya ta ga kwarin ya cika da hazo.

Mashael ta buɗe littafinta tana murna. "Halas, ya ammi. Tasalla ce. Yalla in rubuta."

Ya ɗaga mata yatsan nan ɗaya. "Bara'atu, in kakarki za ta rera, ita ma tana sallama?"

"Tana yi."

"Sunan wa take kira?"

Bara'atu ta daɗe tana kallon kaskon. Waina ɗaya ta ƙone. Ta ce, "Akwai suna. Ina jin ƙarar ƙwaryar har yanzu, ina ganin bakinta yana motsi. Amma ina ƙarama, Malam. Ya tafi."

Ni da kaina na sa baki. Na ce, "A ba Tasalla mana a huta. An ƙwace a hannuna, aƙalla a ba wani."

Ya ce, "In na ba ta abin da ba ta ce nata ba ne, me ya raba ni da kai?"

Ya karɓi littafin ya rubuta da hannunsa. Kuluwa ta rera a Dutsin Kirya. Daga bakin Tasalla mai ruwa ta ɗauka, ita ta faɗa. Tasalla ma ɗauka ta yi, jikarta Bara'atu ta shaida. Ya sauya bik ya ƙara layi ɗaya da ja: kafin Tasalla, ba mu sani ba.

Watan jiya Malam Rafi'u ya ce ba zai sabunta iƙama ba, wato takardar izinin zama, gida zai koma. Kunnen hagu ya fara yi masa nauyi, yana so ya ji iskar Adar da na dama tun yana ji. Kwalayen ya damƙa wa Mashael, da sharaɗin kada ta mai da ja baƙi sai da shaida. Muka yi masa walimar ban kwana ranar Juma'a da yamma a saman benen su Zaharadden, maza gefe, mata gefe. Bai tuna mini da cinikinmu ba ko sau ɗaya. Da aka ci aka sha, ya dube ni kawai.

Na miƙe. Na gyara murya. Na ce, "Jama'a, waƙar da kuka sani da sunan innata, ba ita ta yi ta ba, kuma ba ta taɓa cewa ita ta yi ba. Ni na yanke sallamar. Daga bakin Tasalla mai ruwa ta ɗauka, ga jikarta nan zaune."

Daga ɓangaren mata Bara'atu ta ce, "Alhaji, ka ɗaga murya, na baya ba su ji ba. In talla ce ai har bakin teku ake jin ka."

Na sake faɗa da ƙarfi. Aka yi dariya, ni ma na yi. Aka miƙo mata ƙwarya ta gaske, ta buga uku, ta kira kakarta, ta ɗauko. Tsofaffin mata suka amsa. Jidda ba ta da dutsin da zai maido murya, amma bangon benen da ke fuskantarmu ya yi abin da zai iya. Rana tana gangarawa wajen teku, 'yan matan da aka haifa a nan suna motsa baki a kan kalmomin da ba su iya ba. Na dubi Malam Rafi'u. Ya juya kunnen dama wajen mata, ya lumshe ido, yatsan nan a sama. Ba wanda ya yi masa magana har ya sauko.

Rafi'u, mun gode. Kai ne ka yi shekara arba'in kana tsaron sunayen matan da ba su san da kai ba. Allah ya kai ka gida lafiya, ya bar maka kunnen dama, ya sa ka tarar rijiya ta kawo. Ku kuma masu tura waƙa a waya, ba na ce ku zama kamarsa ba, da wuya. Amma kafin ka rubuta suna a kan muryar wani, ka tambayi wanda ya ba ka a ina ya samu. In an yi sallama, ka bar ta ko ta yi tsawo. In ba ka sani ba, ka nemi jan bik.

Cinikin da muka ƙulla da hantsin nan kuwa, ga yadda ya tashi. Bara'atu ta samu kakarta a littafi. Mashael ta samu shafin da ba wanda zai tayar mata. Innata ta samu maganarta cikakkiya, yadda ta faɗe ta. Malam Rafi'u ya tafi da jaka ɗaya da 'yar rakodarsa, ya ce zai hau Dutsin Kirya ya tambaya ko akwai tsohuwar da ta riƙe sunan nan. Wanda ya faɗi ni ne: na rasa abin da nake gyara zama in faɗa a taron suna. Muryar dai tana wayata kamar yadda ya yi alkawari, tun daga tarin har ƙarshe, kuma yanzu ba na danna komai sai ta gama.